Wayoyi Biyu Ƙarƙashin Sitiyari

…kuma ban ce masa a'a ba. Nan gizo yake saƙar, Turai. Da bakina na ce ya bar ta, ya dawo bayan la'asar. Ko in-ina ban yi ba, sai ka ce fis aka ce in canza.

Dzarma ne. Kin san shi, dogon malamin makarantar nan na bayan filin Polo, wanda kike cewa in ya durƙusa gaisuwa kamar zai karye biyu. A motarsa nake kwance yanzu, kaina ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje cikin rana. Da safe ya shigo da ita, da kwali a hammata. A cikin kwalin akwai jiniyar ɓarayi, da wani ɗan baƙin akwati, da rimot biyu, da wayoyi dami guda. Wai mutum yana cikin ɗaki zai danna, mota ta tashi da kanta, esi ya kama, kafin ya fito ta yi sanyi. Ba don gayu ba — don tsohuwarsa. Sau biyu a mako yake kai ta wankin ƙoda, kuma kin san bazarar garin nan in ta dafa kujerar mota. Kafin su hau titi tsohuwa ta fara haki. Gobe da safe suna da layi a asibiti. Ba shi da wata motar.

Shekara talatin da takwas ina wayarin mota, ban taɓa haɗa irin wannan ba. Ni Hamisu, da aka san ni tun daga Gamboru har Khaddamari, yau ga ni ina karanta takarda kamar ɗan koyo. Karatu ma wane iri? Rubutun kamar ƙafar tururuwa. Sai da na ɗauki hotonsa a waya na buɗe da yatsu biyu, harafi ɗaya ya cika allo, sannan na bi shi ɗaya bayan ɗaya tun hantsi. Harafi dai waya tana girmama shi. Launi fa? Launi ko an mai da shi girman bango, yadda ya zo mini haka yake zama.

Kwana hamsin da biyu. Ita ce mota ta farko da ta shigo gidan nan tun da muka kai ki.

Me ya sa ban ce masa ba ni da lafiya ba? Ai da ba wanda zai ga laifina. Mutum ya binne matarsa, hannunsa ya yi sanyi, an saba gani. Amma shirun gidan nan, Turai… ba ki san shi ba, ke ba ki taɓa zama a cikinsa babu ke ba. Da na ji ƙarar inji a ƙofar gida sai da zuciyata ta yi tsalle. Da ya ce jirgin sama zan haɗa masa, da na ce ya bar shi.

To. Bismillah. Wannan mai kaurin, yatsana ya san ta, ba sai an gaya mini ba. Testa — ƙusar nan mai ƙwan fitila a gindi, wadda ta girme wa 'yarmu — in soka… ta kama. A juya makulli, a kashe, tana nan a kunne. Wutar batir ke nan. Ɗaya. Haske dai har yanzu ina ganinsa, ko da ya zama kamar fitila a bayan labule.

Ja wur, da kin ce. Kina zaune nan bakin ƙofar motar a inuwar darbejiya, hula a gwiwa, allura a baki, ba ki ko ɗago kai sosai ba. Ja wur, Malam. Ta kusa da ita kore ce mai ratsin fari. Waccan ruwan goro. Ke da kika shekara talatin kina ɗinkin huluna, launin da ni nake kira ja kawai, ke sunansa huɗu a wurinki. In mai mota yana tsaye a kanmu sai ki riƙa faɗa ƙasa-ƙasa, hannunki cikin kwandon zare, kamar da zarenki kike magana. Su kuwa su yi ta mamaki: Baba Hamisu ko dubawa ba ya yi, hannu kawai yake sawa! Ni kuma in yi gyaran murya, in karɓi yabon duka, ko kunya babu.

Shekara huɗu muna wannan sata, ni da ke.

Ranar farko — a garejin Gamboru ne, wata tsohuwar Golf. Na haɗa shuɗiya a inda koriya take. Mai mota ya taka birki, oda ta ɗauka. Ya sake takawa, ta sake ɗauka. Gareji duka aka kwanta dariya, ni ma na yi, har da riƙe ciki, na ce barci ne bai ishe ni ba. Da na dawo gida ban ci abinci ba. Kika ɗauko zare biyu kika miƙa a gabana, kika ce wanne ne wanne. Na yi miki tsawa. Na ce ni za ki mayar yaro? Kika bar hannunki a miƙe har tsawar ta ƙare mini… Washegari kika ce in dawo da aikin gida, a gaya wa mutane gwiwa ce ta hana ni zirga-zirga. Gwiwa! Gwiwar da har yau ko ƙas ba ta taɓa yi ba. Ni da ɗingishin ƙarya a hanyar masallaci, har na saba da shi.

Ta biyu. Wannan sai an murɗa makulli take kawo wuta… e, ita ce. A fere ta kaɗan, kada reza ta ci tagulla. A naɗa. Salatef — ina na sa salatef? Yanzu fa yana kan cikina. Zafin nan ya sa har danƙonsa ya narke, yana bin yatsu. Gumi yana shiga ido, idon da dama ba abin kirki yake yi ba.

Na gwada jiniyar tun kafin azahar, na cusa mata tsumma a baki don kada ta tara mini jama'a. Duk da haka sai da kajin maƙwabta suka watse. Wayar kik mai tayar da inji na same ta, ta birki na same ta a bayan feda, da lalube. Wayoyin akwatin kuma a jere suke a bakin soket, na ƙirga su da farce: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, yadda takarda ta zana. Kin ga ai ban mutu ba tukuna. Kin ga?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne makulli na biyu. Motocin yanzu wayo gare su, ba sa tashi sai sun ji makullin mai su a kusa. To sai a ɗauki makulli na biyu a kulle a wani ɗan ƙoƙo, a ɓoye can cikin dashbod, ita kuma ta zaci mai ita yana zaune a ciki. Yaudara ce tsagwaronta. Na yi dariya ni kaɗai, sai kuma na tuna ni ma haka nake yi. Rediyonki yana ɗaki a kunne tun asuba, a tashar da kika bari. Ban saurara ba ko sau ɗaya. Ina dai son in ji ana magana a ɗakin nan in na juya baya.

Bayan salla, na ce miki. Kika ce asibitin ido, Malam, yanar ido ce kawai, yanzu cire ta ake yi mutum ya koma gida a ranar. Na ce bayan salla. Salla ta wuce, na ce bayan babbar salla. Sau nawa? Ke ba ki ga babana ba. Tela ne a Fagge, mai saka zare a allura ba tare da ya tsaya da hira ba. Wani mai magani ya zo da tsinke ya ce zai ture masa yanar. Ya ture. Kwana uku yana ganin duniya tar, ran na huɗu fitila ta mutu, ba ta sake kamawa ba. Shekara goma sha ɗaya a zaure a kan buzu, ana wucewa ana ce masa sannu Baba, da irin muryar da ake yi wa jinjiri. Ni na riƙa ja masa sanda zuwa Juma'a. Na san ba ɗaya ba ne, likita daban mai tsinke daban, kin faɗa, na ji. Kai ya ji. Cikina ne bai ji ba.

Ke kuma da naki ciwon kika riƙa cewa bayan kin gama hular nan. Mun iya jinkiri, ni da ke, gwanaye ne mu.

To, a gwada. A fito, a tsaya a jikin bishiya kamar mai kuɗi. A danna sau biyu, in ji takarda. Ɗaya… biyu…

Ta yi ƙyaf. Kik ya juya! Turai, ya juya, babu kowa a ciki — inji ya kama, ya yi tari, ya…

Ya mutu.

Sake. Ya kama… ya mutu. Kamar mai son magana ana rufe masa baki.

Saura ɗaya ke nan. Na sani, na gan ta a takardar na yi kamar ban gani ba. Siririya ce, tana saukowa daga makunni ta bi jikin sandar sitiyari. Fara, in ji su. In ba a haɗa ta ba inji ba zai zauna ba. Koma ciki, tsoho. Baya, yi haƙuri.

Ga damin. Motar 'yar Kwatano ce, hannu nawa ya bi ta kanta kafin ta iso unguwarmu ta Jiddari, Allah kaɗai ya sani, kuma wani gwani ya riga ni shiga nan. Ya yanke rigar robar da ke raba wayoyi, ya tattara kowa da kowa ya naɗe da salatef kamar ƙunshin goro. Allah ya shirye shi, duk inda yake. Na warware. Masu kauri na ture gefe. Masu duhu na ture gefe, duhu dai ina gane shi. Saura biyu masu haske, kaurinsu ɗaya, santsinsu ɗaya, daga rami ɗaya suka fito.

Ɗaya fara ce. Ɗaya ruwan ɗorawa.

Ko yaron da ya kwana biyu a gareji ya san dokar: ruwan ɗorawa a jikin sitiyari ba a taɓa ta. Ta balan-balan ɗin nan ce da ke naɗe a cikin sitiyari, mai fashewa ranar haɗari ta tare ƙirjin direba. Ka soka mata testa, wutar ɗan ƙwan nan kaɗai ta isa. Sitiyari ya tsage, hoda ta cika mota, wataƙila ƙwaƙwalwar motar ma ta tafi. Gobe da safe Dzarma ya tsaya a bakin titi da tsohuwa a kafaɗa yana tsayar da Keke.

Da ƙarar. A garin nan, Turai! Garin da har yau in taya ta fashe a kasuwa sai kin ga manya da rawani a kwance a ƙasa. Kin tuna shekarun nan na bama-bamai, muna cin abinci ƙasa ta girgiza, cokali ya tsaya a hannu, mu ƙirga — wannan ta wajen ina ce? Kin tuna kin daina rufe murfin tukunya da ƙarfi? To a ji dum daga gidan Hamisu, mota a tsakar gida, wayoyi a zube, rimot a hannu. Unguwa za ta cika gidan nan kafin in miƙe. 'Yan sintiri su zo. A yi ta tambaya, kuma amsar guda ɗaya ce tak wadda za ta wanke ni: jama'a, ban gani ba ne. Ba na gani.

Kafin magariba labari ya kai Kano, wurin 'yarmu.

Siddiƙa ba za ta yi shawara da ni ba, kin san 'yarki, halinki ta ɗauko ta ƙara da nawa. Tun ranar bakwai take cewa Baba ka dawo wurinmu, me ya rage maka a Maiduguri? Na ce aiki. Aikin ne kaɗai hujjata, da shi nake rufe mata baki duk Juma'a in ta kira. In ta ji babu ido, mota za ta turo, a kwashe ni da buta da darduma. In zauna a gidan suruki, a ƙofar gida a kan tabarma, ana wucewa ana sannu Baba. A sa wa gidan nan kwaɗo. Wa zai riƙa zuwa wurinki ran Juma'a da safe? Wa ya san ke ce ta uku daga jikin katangar maƙabarta, in iska ta ture alamar?

A kawo su kusa da ido. Kusa sosai, har gashin ido yana taɓawa… Ruwan shayi. Duka biyun ruwan shayi ne mai madara, kamar rigata, kamar bangon gidan, kamar sararin sama. A fito da su wajen haske — ba sa kaiwa. A haska da tocilan waya: sun ƙara zama ɗaya. A rufe idon dama. A rufe na hagu. Na lasa ma, Turai, wallahi na sa harshe, kamar launi yana da ɗanɗano. Ki yi dariya, na ba ki izini.

A bi su da yatsa har inda suka fito? Sun shige cikin sandar, sai an cire sitiyari gaba ɗaya, kuma inuwar bishiyar ta riga ta haye katanga. La'asar ta kusa.

In kira shi in ce kayan jabu ne. Ai ana yi. Kowa ya san kasuwa cike take da jabu, zai yarda, har ya ba ni haƙuri. In kwance duk abin da na haɗa, in mayar masa a kwali… ya koma yana yi wa tsohuwa fifita da kwalin. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Amma na riga na tashi, ina tsakar fili, makaɗi yana kallona. Kuma mota ta gaba fa? Ita ma jabu? Ta bayanta?

Ko in yi bismillah in soka ɗaya. Rabi da rabi ne. Ta dama… hannuna yana cewa ta dama. Hannun nan shekara talatin da takwas bai — ƙarya nake, shi ne ya sa birki ya yi oda.

Ƙamshin turaren wuta yana tsallako katanga. Yagana ce, matar Babakura maƙwabcinmu, tana haɗa na sayarwa. Taku goma tsakanina da ita. In ɗaga murya kawai: Maman Musa, zo ki duba mini wani abu. Shi ke nan. Kalma nawa ce? Sai ta zo, sai in ce wace ce fara a nan — sai ta dube ni. Wannan duban nake gudu, Turai, duban da zai sauka a kaina ya zauna. Ke kaɗai kika iya kallona da sanin nan ban ji na ragu ba. Ke ma sai da na yi miki tsawa.

Faɗa mini mana. Sau ɗaya. Ba sai kin ɗago kai ba, yadda kika saba, allura a baki… Ina jin motsin ganye, ina jin rediyo yana ta surutunsa, ina jin jinina a kunne. Na tsufa, na gaji, kuma kewarki ta hana ni numfashi a cikin motar mutane. Ga gaskiyar ke nan, tunda babu mai ji.

Ƙofar gida. Sallama. Ba Dzarma ba ne, muryar mace ce — Yagana, da kwanon abinci, yadda take kawowa kullum tun ranar da aka share makoki. Yau ta makara. In amsa daga nan, kada in fito, kada ta ga fuskata a jiƙe. Ta ajiye a gindin bishiya ta tafi. Ajiye ki tafi, baiwar Allah.

Ta ajiye. Takunta bai nufi ƙofa ba. Inuwa ta rufe mini hasken ƙofar motar, ƙamshin turare ya cika ciki. Testa tana hannuna, tsininta a kan ta dama.

"Wushe da aiki, Baba." Sannunta ke nan, da yarensu. Sai ta rage murya, kamar mai magana da gefen mayafinta. "Ta hannun damanka ruwan ɗorawa ce. Ta hagu ita ce fara."

Ban motsa ba.

"Ita ta ce kada a tambaye ka, kada a jira ka tambaya. A faɗa kawai a wuce."

Ta wuce. Ƙofa ta rufu a hankali.

Ta dama… da na soka. Tsinin har ya ɗan shiga robar, ina jin gurbin da farce.

Ita ta ce. Ke kika ce. Yaushe, Turai? A gadon asibiti, ranar da kika aike ni neman kankana har Gamboru alhali ga ta a bakin get? Ko tun da can, tun kina da ƙafafunki, kina tsaye a jikin katangar nan kuna ƙus-ƙus ina zaton maganar zare kuke? Ita kaɗai? "Kada a tambaye ka" — su wa da wa ke nan? Takalmina da nake tararwa kullum a ware a gefen dama na ƙofar masallaci, ni ina cewa sa'a ce. Liman da yake kama gwiwar hannuna daidai bakin kwata, yana yi kamar wata magana ce ta taso masa. Shekara huɗu ina ɗingishi a gabansu, suna yi mini sannu da gwiwa, babu wanda ya ko murmusa…

Kin tona ni. Kin bi gida-gida kin tona ni, sannan kika sa suka rufa ni da hannuwansu, kika tafi ba ki gaya mini ba. In yi fushi? Da wa? Ina zan same ki in yi miki tsawar, ki bar hannunki a miƙe har ta ƙare?

An fara kiran la'asar. Dzarma yana hanya. Ta hagu — ga ta tsakanin yatsuna, fere ɗaya, naɗi ɗaya, aikin minti biyu. Ɗaya hannun ya ƙi tashi daga ƙirjina.

An faɗa mini launin, Turai. Ga shi an faɗa, daidai, ba kuskure. To me kuma nake jira, da har yanzu kunnena yake bakin ƙofar motar nan…